Duwatsu Uku da Na Kwashe a Sina'i

Nusaiba, tun kina ƙarama kike juya tafin hannuna kina tambayar abin da ya ƙone ni, ni kuma ina ce miki ƙarfen faci ne. Ƙarya nake yi. Na fi shekara ashirin ina faci a Alƙahira, ƙarfe bai taɓa cin hannuwana biyu a lokaci guda ba. Yanzu kin yi aure, ɗan'uwanki Khalifa ya fi ni tsawo, kuma da kunnena na ji shi yana gaya wa abokinsa a waya cewa kawunsa Malam Auwalu aljanu suka ɗauke a dutsen Sina'i, suka dawo da shi da rabin hankali. Yana faɗa yana dariya. Abin da ya sa na sayi littafin nan na zauna ke nan. Ban iya rubutun masu digiri ba. Inda na sani zan ce na sani, inda ban sani ba zan ce ban sani ba, ku kuma ku yi abin da kuka ga dama da shi.

Kun san karatu ya kawo ni garin nan kamar kowa. Nahawu ya kayar da ni sau biyu, aka yanke mini tallafi, kunyar komawa gida hannu wofi ta hana ni tafiya. Wani tsoho Bamisire mai gyara wa masu tallan burodi kekuna shi ya ɗauke ni, a wurinsa na koyi aikin da ya ciyar da ku, har na buɗe rumfata a unguwar Arba wa Nus. Lokacin da na nemi uwarku, yayanta Malam Auwalu yana zaune a Hay el-Sabi', yana rubuta digirinsa na uku a kan hadisi. Bai hana ni aure ba, wannan dole in faɗa. Amma duk Juma'a idan muka je cin abinci gidansa, falo cike da ɗalibai, haka yake gabatar da ni: wannan mijin ƙanwata ne, Usta Hamisu, shi ma ya taɓa karatu. Usta dai kun san laƙabin masu aikin hannu ne a nan. Sai ɗaliban su miƙo mini hannu suna kallon baƙin mai a ƙarƙashin faratana. Idan muka fito na yi magana, uwarku ta ce Yaya ba da wata manufa yake faɗa ba, ni ne mai ɗaukar abu da zafi. Shekara goma ina jin ya taɓa karatu. Na rubuta wannan ne don ku san da me na hau dutsen nan a cikina, ba don in wanke kaina ba.

A shekarar da kike aji huɗu, wani Alhaji Sabo da ke aiki a ofishin jakadanci, mazaunin unguwar Zamalek ta masu hali, likita ya ce masa ya rinƙa hawan keke saboda ciwon suga. Ya ɗauki abin da gaske, ya tara mutane suna zagaye da safiyar Juma'a, ni nake duba musu kekuna. Da sanyi ya shigo sai ya shirya tafiyar kwana biyar cikin duwatsun kudancin Sina'i, a yi ta tuƙi da rana, a kafa tanti inda yamma ta yi. Mu goma sha ɗaya ne a kan keke, har da wasu ɗaliban kawunku. Akwai ƙaramar motar ɗaukar kaya da direbanta, mai ɗauke da tantuna da ruwa da buhun garin masara, da Baba Tanko kukun gidan Alhaji, da jagoranmu, wani dattijo Balaraben ƙauye mai suna Ammi Salim, wanda a cikin duwatsun aka haife shi. Kawunku kuwa, Alhaji ne ya matsa masa ya biyo mu, ya ce littafi zai kashe shi idan bai sha iska ba. Ni aikina biyu ne: gyara, da zama na ƙarshe. Ka'idar na ƙarshe guda ɗaya ce, Alhaji ya maimaita ta sau uku kafin mu tashi. Ba ka wuce kowa. Ko mutum ya tsaya fitsari, ko ya tsaya kuka, kana bayansa. Idan aka ga na iso zango, an san kowa ya iso, ba sai an ƙirga ba.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, kuma ba na son in sake gani. Duwatsun jajaye ne kamar hanta, wasu baƙaƙe, sun tsaya a kanka hagu da dama, sama ta zama 'yar siririyar hanya. Kana cikin tuƙi a tsakuwa sai ka karya kwana ka tarar da lambu a ɓoye, an kewaye shi da duwatsu, itatuwan zaitun da na lauz, mai 'ya'ya kamar gyaɗa, a ciki, rijiya da guga, amma babu mutum. Ɗalibai suna ta ɗaukar hoto suna subhanallah. Abin da ya dame ni shi ne shirun. Ni da na saba da hon ɗin motoci da ihun masu kayan miya, sai na rinƙa jin cen ɗin keken kowa daban daban, ina jin numfashin mutumin da ke gabana da nisa. Idan wani ya yi magana, dutsen yakan riƙe ta na ɗan lokaci kafin ya dawo da ita, kuma ba daga wajen da kake tsammani take dawowa ba. Ranar farko ƙararrawar keken kawunku tana ta kaɗawa da kanta saboda girgizar hanya, amsa kuwwar ta hana kowa sakat, Alhaji ya ce in yi maganinta. Na kwance murfin na cire ɗan ƙarfen da ke bugawa, na jefa a akwatin kayan aikina. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A ranar farkon dai Ammi Salim ya tsayar da mu a wata mararraba ya nuna mana tsibin duwatsu da aka jera, ya kai gwiwa, da fari guda a sama. Ya ce sunansa rujum. Kakanninsu suka jera su, duk inda kwari ya rabu biyu, bakin da rujum yake nan ne hanya, ɗaya bakin kuwa ba ya kai ka ko'ina sai ƙishirwa. Ya ce mai wucewa yana iya ƙara dutse, amma ba ya ragewa. Ina tsugune ina ɗaure birkin wani lokacin da yake magana, amma na ji shi sarai. Ba zan ce muku ban ji ba.

Kwana biyu ina bayan kawunku. Shi ne mafi rauni a tafiyar, jikinsa bai san komai ba sai kujera. Kowane hawa sai ya sauka ya tura, ni ma in sauka in tura a bayansa, ba ya juyowa, ba na magana. Na san yana jin kunyar in ga haka, shi ma ya san ina jin daɗin gani. A rana ta uku da la'asar sauran sun yi nisa, ya tsaya a gindin wata ƙaya ya ce zai yi salla. Na ce Yaya Malam, zango bai fi tafiyar rabin awa ba, mu ƙarasa mu yi jam'i da mutane. Ya ce bai san yaushe na fara ba da fatawa ba. Muka yi sallar, na idar, shi kuma ya zauna ya ciro carbi ya shiga wuridi, rana tana ta gangarawa bayan dutse. Na jira, na sake jira, na yi gyaran murya. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Usta, ka wuce. Ba na buƙatar mai faci ya yi gadina tsakanina da Ubangijina."

Na ce Alhaji ya hana.

"Alhaji ya ɗauke ka gyaran keke ne. Kekena lafiyarsa ƙalau. Hanya ɗaya ce, kuma na iya karanta alama, ba sai an maimaita mini sau biyu ba."

Na gane abin da sau biyun nan yake nufi. Na hau kekena na wuce shi. Wannan kowa ya sani, uwarku ta yi shekaru tana goranta mini shi, kuma na karɓa. Abin da ba wanda ya sani shi ne abin da ya biyo baya.

Na iso mararrabar ƙarshe. Ƙasan wurin falalen dutse ne, taya ba ta barin sawu. Kwarin dama shi ne mai faɗi, mai kyan gani, kamar shi ne hanya. Na hagu matsattse ne, amma a bakinsa rujum yake, da farin dutsensa a sama. Na bi hagu, kwana ɗaya na karya sai ga zango, an fara kafa tantuna. Aka tambaye ni Malam, na ce yana wuridi, yanzu zai iso. Alhaji ya ɓata rai. Ammi Salim ba ya nan, ya hau wani lambun 'yan'uwansa da direba su ɗebo ruwa. Baba Tanko kuwa yana tsaye kan tukunyar gas yana zaginta, ta ƙi kamawa. Kwana biyu muna cin burodin da Larabawan ke gasawa a cikin toka, da wake da cuku, mutane sun fara ƙorafi, kuma ya yi musu alkawarin tuwo da miyar kuka a daren nan. Ya ce Hamisu ɗana, nemo mini duwatsun murhu guda uku, masu kai ɗaya, waɗanda za su ɗauki babbar tukunya a tuƙa ba ta motsa ba. Na duba kewaye. Duwatsun wurin ko dai manya ne da ba sa ɗaukuwa, ko masu ɓarewa kamar busasshen burodi. Sai na tuna da tsibin nan na bakin kwari, duwatsu masu santsi, dunƙulallu, kamar don murhu aka halicce su.

Duk Bahaushen da ya ga dutse uku masu kai ɗaya murhu yake gani, wannan gaskiya ce. Amma ni na san mene ne tsibin nan. Na ce a raina in an sauke tuwo zan mayar. Na kuma ce, tunda ya iya karanta alama, bari ya ɗan tsaya ya yi dabara, ya kira sunana, in fito in nuna masa. Ina so in ji Malam Auwalu yana kiran Usta a cikin dutse. Na koma da buhu, na ɗauki farin na sama da biyu na ƙarƙashinsa. Da na zare na ukun sai sauran suka zube suka baje, suka zama kamar kowace tsakuwa. Na tsaya na saurara ko zan ji ƙarar cen ɗinsa. Ban ji komai ba. Na ɗaure buhun a kariyar keke na koma.

Aka hura wuta, ruwa ya tafasa, Baba Tanko ya yi talge, ya tuƙa, ƙanshin daddawa ya cika kwarin. Ɗalibai suna ta tsokanarsa wai ko a Zamalek ba a taɓa tuwo da irin wannan kallo ba. Ni kunnena yana bakin kwari. Ba wanda ya kira sunana. Inuwar dutse ta rufe mu, sanyi ya sauko lokaci guda kamar an buɗe firiji, wani ɗalibi ya kira sallar magariba, dutsen ya dawo masa da ita. A cikin sahu na fahimci abin da ya faru: bai tsaya ba, bai yi shakka ba, ya ga kwari mai faɗi babu alama a ko'ina, ya bi. Ana sallamewa mutane suka taru wajen Alhaji ana shawara. An sauke tukunyar tuwo, Baba Tanko ya tafi yana kwashewa. Na je murhun, na sa tsumman mai guda ɗaya da ke aljihuna na jawo duwatsun daga cikin garwashi. Tsumman bai tare komai ba. Na ji fatar tana kamawa, na ji ƙaurinta, ban saki ba. Na zuba su a buhu na ce da mutane bari in je in duba hanya.

Na jera rujum ɗin da hannuwan nan, na juya gefen baƙin hayaƙi ƙasa da ciki, na ɗora farin a sama. Ina gamawa sai ga su sun biyo ni da fitilu, sai kuma ga motar Ammi Salim ta sauko. Aka gaya masa Malam bai iso ba. Ya zagaya falalen yana duba ƙasa, sannan ya zo ya dafa rujum ɗin don ya tsuguna. Sai ya janye hannunsa. Ya sake ɗorawa a hankali.

"Dutsen nan da zafi," ya ce.

Wani ɗalibi ya taɓa, ya ja baya yana a'uziyya. Wani ma ya taɓa. A wannan sanyin da haƙora ke kaɗawa, ga dutse yana huci kamar mai zazzaɓi. Ba wanda ya ƙara magana da ƙarfi. Ammi Salim ya shinshina yatsunsa, ya ɗaga fitila ya haska ni daga fuska zuwa hannuwa, waɗanda na cusa a hammata kamar mai jin ɗari. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce ba mai shiga kwarin dama a cikin duhu, akwai ramuka, sai gari ya waye. Da muka koma zango Baba Tanko yana tsaye kan toka yana salati, ya ce duwatsun murhunsa sun ɓace, guda ukun duka, ga gurbinsu. Mutum tara masu ilimi suna wurin, wasu sun haddace littattafai, babu wanda ya haɗa dutse mai zafi da murhun da ya ɓace. Abin da suka haɗa daban ne. Tuwon nan ba wanda ya ci.

Da asuba muka shiga, ni da Ammi Salim da ɗalibai biyu, a ƙafa, don mota ba ta iya wucewa. Bayan falalen sai yashi, sai ga sawun taya ɗaya tilo ya miƙe. Na san sawun, ni na sa tayar. Can gaba sawun ƙafa ya bayyana a gefensa, ya sauka yana turawa. A kwana ta farko Ammi Salim ya tsaya cak. A tsakiyar yashi an ajiye duwatsu uku, ba a ɗora su kan juna kamar rujum ba, an girke su kusurwa uku, da fili a tsakiya daidai zaman tukunya. Ɗaliban suka dubi juna. Muka ci gaba, a kwana ta biyu ga wasu ukun. Haka har bakwai, na ƙirga. Rana ta fito sosai, kwarin yana ta matsewa, babu tsuntsu, babu ƙuda. Sai muka ji ƙararrawar keke a gabanmu, sau biyu, a fili, irin bugun da mutum ke yi yana neman hanya. Ɗaliban suka ruga suna kiran Malam. Ni na biyo su a baya. Da na ƙarasa na tarar da keken a jingine da dutse, takalmansa a gefe an jera su kamar a ƙofar masallaci, babu kowa. Na danna ƙararrawar da gwiwar hannu. Ba ta yi ƙara ba, ba ta da abin yi, ɗan ƙarfen yana akwatina a zango. Mu huɗu muka ji ta. Wannan yana cikin abin da ban sani ba.

Bayan azahar muka same shi, sama da wurin keken, a cikin wata tsaga da ba ta fi faɗin kafaɗa ba. Yana zaune ya haɗe gwiwa, ƙafafunsa sun farfashe, leɓɓansa sun yi fari. Ni na fara isa. Ya dube ni kamar jiya muka rabu lafiya, muryarsa ba ta fita sosai, sai da na sunkuya.

"Hamisu, tuwon ya nuna?"

Ranar ce ta farko da ya kira ni da sunana ba Usta ba. Bai san za a yi tuwo ba, bayan mun rabu aka yanke shawara. Wataƙila iska ta kai masa ƙanshin daddawa, na sha gaya wa kaina haka. Daga baya an tambaye shi duwatsun da ya girke, ya ce bai tuna ya taɓa dutse ko ɗaya ba.

Muka goyo shi bi da bi. Ya sha ruwa, ya sha shayi, hankalinsa ya dawo, kafin mu kai mararraba yana magana daidai. Alhaji da sauran suna jira a wurin. Alhaji ya rungume shi, sannan ya tambaye shi a hankali yadda aka yi ya bar hanya ga alama a tsaye. Kawunku ya ce babu wata alama. Ya ce ya tsaya ya duba bakin hagu, ya duba na dama, babu komai sai tsakuwa a baje. Alhaji ya kama hannunsa ya juya shi, ya nuna masa rujum ɗin da farin dutsensa. Kowa ya ce jiya da shi muka wuce, da daddare ma mun gan shi. Kawunku ya matsa ya tsuguna a gabansa. Ya daɗe.

"Wallahi jiya babu wannan," ya ce.

Ya juyo yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina.

"Kai ne ka wuce kafin ni. Ka gan shi?"

Ammi Salim yana tsaye a bayansa, idonsa a kaina. Na ce na gan shi, Yaya Malam. Ban yi ƙarya a lafazi ba, na gan shi kam. Na tuna uwarku, na tuna duk kekunan Zamalek da ke zuwa rumfata ta hannun Alhaji. Amma ba su ne suka rufe mini baki ba. Na ga Malam Auwalu a tsugune ba shi da amsa, ɗalibansa suna kallonsa da tausayi, irin kallon da suke yi wa faratana, kuma abin ya yi mini daɗi. Na ɗauka daɗin na yini ɗaya ne, in mun koma gida zan faɗa. Da za mu rabu da Ammi Salim ya ba ni wani man ganye a gwangwani don hannuwana, waɗanda na ce wa mutane tukunya ce ta ƙone su. Ya ce shi ba ya tona baƙonsa a gaban mutane, haka suka gada. Ya ce maganar tawa ce, kuma kullum za ta ƙara nauyi, gara in sauke ta tun a nan. Na ce in sha Allah. Ya juya ya shiga mota.

Kafin mu iso Alƙahira labari ya riga mu: dutse mai zafi, murhun da ya ɓace, murahu bakwai a kwari, ƙararrawa. Kuma an rufe wa Malam ido. Ku fahimci mene ne aikinsa. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tantance masu ruwaya, wane ne ganinsa da jinsa abin yarda ne, wane ne ya rikice a ƙarshen rayuwarsa a ajiye maganarsa. Yanzu mutum goma sun shaida abu yana nan, shi kaɗai ya ce babu. Da ka'idarsa ya yanke wa kansa hukunci. Wata guda yana cewa babu alama, daga nan ya daina cewa. Ya fara karanta layi ɗaya sau biyar, ya kira matarsa ta duba ko abin da ya gani shi ne a rubuce. Ɗalibai suka daina gabatar da shi salla, ba da faɗa ba, sai dai a ce Malam ka huta. Falon Juma'a ya koma mu kaɗai. Aka kawo masu ruƙiyya har gida, suna karatu a kunnensa suna tambayar wanda ke jikinsa ya faɗi sunansa. Da ya fara fizge-fizge don gajiya aka ce a danne shi. Ni na riƙe ƙafafunsa, da hannuwan nan da ba su gama warkewa ba. Uwarku tana bakin ƙofa tana kuka tana ce mini Allah ya saka, duk da ka wuce shi kai ne ka nemo shi. A nan ma ban faɗa ba. Kowane wata da ya wuce, faɗar tana ƙara wuya, har ta zama abin da ba na iya ɗagawa.

Bai gama digirin ba. Bayan shekara biyu ya tattara ya koma Funtuwa, yana zaune a zauren gidan mahaifinsu har yau. Kun san ɗabi'arsa da kuke kwaikwayo idan mun dawo daga hutu, yadda idan an miƙa masa kofi ko an nuna masa jariri sai ya juya ya tambayi na kusa, kai ma kana ganin wannan? Khalifa, kai ka fi iya kwaikwayonsa. Ba na jin haushinka, ni na koya wa kawunka tambayar. Ban ce babu wani abu a kwarin can ba, na ji ƙararrawar da ba ta da bakin bugawa, kuma har yau idan na ga murhu an sauke tukunya sai in kau da kai. Amma ko me ke zaune a wurin, ba shi ya kwashe alamar ba.

Sau uku na kira shi a waya don in faɗa. Duk ukun kafin in fara yake gode mini, ya ce ba ya manta wanda ya fara leƙowa cikin tsagar nan. Sai in tambaye shi lafiyar yara in kashe. Na gane bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuta. Shekaranjiya na karanta wa uwarku wannan babin. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga kicin. Tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ba ta ce mini komai ba tukuna, kuma ba na tsammanin na cancanci ta ce.

Nusaiba, daga gidan mijinki zuwa Funtuwa bai kai awa biyu ba. Idan littafin nan ya iso gare ki, ki cire waɗannan shafukan ki kai wa kawunki. Kada ki ba wa matarsa, kada ki ba wa 'ya'yansa su taƙaita masa. Ki zauna a zauren ki karanta masa da bakinki, tun daga tafin hannuna har nan, kada ki tsallake inda na ce abin ya yi mini daɗi. Ki gaya masa idonsa lafiya lau ne ranar nan. Ya duba hagu, ya duba dama, babu komai sai tsakuwa a baje, daidai yadda ya faɗa. Ba na neman ya yafe, idan ya ga dama ya tsine mini, haƙƙinsa ne. In kin gama zai kalli takardar, na san zai juyo ya tambaye ki ko ke ma kina ganinta. Ki ce kina gani. Sannan ki sa masa ita a hannu ya riƙe.